Yadda ake shirya muhawara kan haƙar mai a gandun daji

A watan Maris na 2025, lokacin da esansi ya yi wuya, na tsaya layi a wani gidan mai tun bayan asuba har rana ta take. Ƴan kabu-kabu suna turin baburansu da ƙafa, teburan ƴan ruwa-ruwa kuma ba komai a kansu sai kwalabe wayam da mazurari. Washegari a aji wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, mu da ke da rijiyoyin mai, me ya kai mu layi? Su haƙe ko'ina mana, ko da gidan barewa ne." Kafin in buɗe baki wata yarinya daga bayan aji ta ce: "To wanda aka riga aka haƙa a gidan barewar, ina ya tafi?"

Daga nan muka ɗauki batun zuwa ƙungiyarmu ta muhawara. Karon farko bai yi kyau ba. Ɓangare ɗaya na ihun kishin ƙasa, ɗayan na kukan namun daji, aka tashi ba wanda ya amsa maganar wani. Sai da muka sake zama muka bi abin daki-daki. Abin da na koya shi ne zan shimfiɗa a nan, don malamin lakwal da ke shirya ɗalibai, da mai gabatar da shiri a rediyo, da ƴan fada masu son gardamar shayinsu ta wuce ta "ni dai na ce".

Mataki na farko: a tsaga batun gida uku

Idan mutum ya ce "a haƙi mai a gandun daji don mu daina dogaro da ƙasashen waje", magana uku ya ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, akwai mai a wurin, mai yawan da zai biya kuɗin haƙarsa. Ta biyu, idan an haƙo shi zai rage abin da muke sayowa daga waje. Ta uku, wannan ribar ta fi asarar da za a yi wa dajin da masu rayuwa a cikinsa.

Ka rubuta su uku a allo, kowacce da layinta. Ka gaya wa masu goyon baya cewa dole su tabbatar da duka ukun, masu adawa kuwa karya guda ɗaya ya ishe su. Wasu za su ce an yi rashin adalci. Ba a yi ba: wanda ke neman a canza doka shi ke ɗauke da kayan.

A cikin ukun, ta tsakiya ce aka fi tsallakewa, kuma a nan ake ci ko a faɗi. Mutane suna ɗauka cewa da zarar mai ya fito daga ƙasarka to ya shiga tankinka. Wannan zaton shi ne yarinyar can ta taɓa da tambayarta.

Sannan ka ɗaure batun da wuri ɗaya. "Gandun daji" a dunƙule ba ya muhawaruwa. Ka ce gandun Termit da Tin Tumma na gabashin Nijar, ko ka ce gandun jihar Alaska ta Amurka. Mu mun ɗauki Termit a matsayin batu, Alaska kuma a matsayin madubi, domin can sun fi shekara 40 suna wannan gardamar, duk wata hujja da za a iya kawowa an riga an kawo ta, an kuma ga abin da ya biyo baya.

Mataki na biyu: kowa ya san wurin kamar ya je

Na hana kowa kama ɓangare sai bayan mako guda. A wannan makon aikinsu ɗaya ne, su cika shafi biyu na kaye da tarihin wuraren biyu, ba ra'ayi ko ɗaya.

Na Alaska ga yadda yake. A can arewa maso gabashin jihar, bakin tekun ƙanƙara, Amurka ta keɓe wani yanki a 1960. A 1980, zamanin shugaba Jimmy Carter, aka faɗaɗa shi ya kai murabba'in kilomita kusan 78,000, wato ya kusa ninka jihar Maraɗi biyu. Amma dokar ta bar ƙofa a sakaye: wani fili na bakin teku, kimanin murabba'in kilomita 6,000, an ce ba a haƙa mai a cikinsa sai majalisa ta yarda. Ana kiran filin da lambar sashen dokar, 1002. A kan wannan filin ake rigimar, kuma a nan ne garken karibu, wata irin babbar barewa ta ƙasar sanyi, ke zuwa haihuwa kowace shekara. A 1989 an kusa buɗe shi, sai jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a gaɓar Alaska, magana ta mutu. A 1995 majalisa ta amince, shugaba Bill Clinton ya hau kujerar na-ƙi. Sai a Disambar 2017, zamanin Donald Trump, aka cusa izinin cikin dokar haraji ya wuce.

Namu kuwa, a 2008 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin CNPC na Sin kan yankin Agadem a jihar Diffa. A Nuwambar 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki, tana iya tace ganga 20,000 a rana. A Maris na 2012 aka kafa gandun Termit da Tin Tumma, murabba'in kilomita 97,000, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Ka sa ɗalibai su lura da jerin shekarun nan: yarjejeniyar mai ta riga gandun zuwa, kuma iyakokinsu sun hau kan juna tun ranar farko. A Yunin 2019 majalisar ministoci ta sake shata iyakar gandun, ta fitar da ɓangaren da ke da filayen mai, kusan rabinsa, daga baya a 2021 aka sake gyara iyakar.

Dabbar da aka kafa gandun dominta ita ce adaks, wata farar dabbar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho wadda ke iya yin watanni ba ta sha ruwa ba. A wajen 2010 ana ƙiyasin akwai kusan 200 a yankin. A Maris na 2016 masu bincike suka yi shawagi ta sama da ta ƙasa suka ga uku kacal, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, kuma ta danganta abin da hayaniyar aikin mai da farautar da sojojin da ke gadin wuraren suke yi.

Wanda bai iya faɗin waɗannan da ka ba, kada ya hau mumbari.

Mataki na uku: lissafi

A nan nake daɗewa, domin a nan ne yara ke fara gane cewa lamba ma tana da fuska biyu.

Ka fara da ganga. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ka sa su ninka da 20,000, za su sami lita miliyan 3 da ɗoriya na ɗanyen mai a rana. Sai ka tambaye su: duka esansi ne? A'a. Matata na fitar da esansi da gazuwal da gas ɗin girki, kowanne da kasonsa. Don haka ƙasa na iya samun rarar gazuwal alhali esansi bai ishe ta ba.

Daga nan sai tambayoyi uku da ya kamata kowane mai muhawara ya haddace: nawa ne, yaushe zai fito, ina zai tafi.

Nawa ne? A 1998 hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa yankin bakin tekun na iya ƙunsar tsakanin ganga biliyan 5.7 da biliyan 16 da za a iya fitarwa, matsakaicin ƙiyasi biliyan 10.4. Mai goyon baya zai ɗaga biliyan 16 ya yi ta kaɗawa. Mai adawa zai ce Amurka na shan ganga kusan miliyan 20 a rana, ka raba biliyan 10.4 da wannan, kwana 520 ne, ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba. Dukansu biyu sun yi wayo. Na farko ya ɗauki lambar da ta fi kowacce wuyar tabbata. Na biyu ya yi kamar za a rufe sauran rijiyoyin duniya a sha wannan kaɗai, alhali rijiya a hankali take bayarwa, shekaru da shekaru. Ka koya wa yaranka su gane dabarun biyu, su kuma san amsar kowacce. Wani abin da ke ba su mamaki shi ne rijiyar gwaji ɗaya tak aka taɓa haƙawa a yankin, a tsakiyar shekarun 1980, kuma kamfanonin sun ɓoye sakamakon. Duk wannan rigimar ta shekara 40 cinikin biri a sama ce.

Yaushe zai fito? A 2008 hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta yi lissafi cewa ko an buɗe filin a ranar, sai bayan shekara 10 gangar farko za ta fito, a ganiyarsa zai ba da kimanin ganga 780,000 a rana bisa matsakaicin ƙiyasi, abin da zai rage a farashin ganga kuwa bai kai dala ɗaya ba. Mu ma mun ga haka a gida: an fara tace mai a 2011, amma sai a Mayun 2024 jirgin farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a Seme ta ƙasar Benin. Wanda ke layi yau, rijiyar da za a fara haƙawa gobe ba ta san da shi ba.

Ina zai tafi? Wannan ce tambayar da ke kayar da mutane. Bututun da ya tashi daga Agadem, ya ratsa ta jiharmu ta Maraɗi, ya bi ta Dosso ya shiga Benin, tsawonsa kusan kilomita 2,000, an gina shi don ganga 90,000 a rana. Duk ɗanye ne, duk na sayarwa waje ne. Abin da ke shiga babur ɗin ɗan kabu-kabu a Maraɗi daga matata yake fitowa, matatar kuma ba ta ƙara girma don an ƙara rijiya. Shekara da shekaru giɓin bai fito fili ba saboda man Najeriya mai rangwame da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Da shugaba Tinubu ya cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, man can ya yi tsada, ruwa-ruwa ya ja baya, kowa ya koma gidan mai. A Yulin 2024 kuma aka rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499. Buƙata ta hau, matata na nan yadda take. Layin da na tsaya a kai daga nan ya samo asali.

Maƙwabciyarmu ma darasi ce da kowane Bamaraɗe ya sani. Najeriya ta yi shekaru tana cikin manyan masu fitar da ɗanyen mai a Afirka, tana kuma sayo tataccen mai daga Turai, har sai da matatar Dangote ta fara aiki a 2024. Amurka kuwa ta zama ta ɗaya a duniya wajen haƙo ɗanyen mai tun 2018, a 2020, idan an haɗa ɗanye da tatacce, abin da take fitarwa ya zarce abin da take shigowa da shi, ba tare da ɗigo ɗaya daga gandun Alaska ba. Filayen Texas da Dakota ta Arewa ne suka yi aikin.

Ni a ganina, kuma ba na ɓoye wa ɗalibai, hujjar "rage dogaro da waje" ita ce mafi rauni a jakar masu goyon baya, duk da ita ce mafi daɗin faɗa. Suna da waɗanda suka fi ta ƙarfi.

Mataki na huɗu: gina ɓangaren masu cewa a haƙa

Yanzu a jefa ƙuri'a a raba ɓangarori. Kada ka bar kowa ya zaɓa. Yaron da ya fi kowa ihun a haƙa, ƙuri'a ta jefa shi ɓangaren adawa, ya yi fushi kwana biyu, daga baya shi ya fi kowa kawo hujja.

Masu goyon baya su daina cewa man zai shiga tanki kai tsaye. Su ce zai shiga baitulmali. Kuɗin ɗanyen mai na iya gina sabuwar matata, da rumbunan ajiya, da tashoshin kuran. A nan suna da abin nunawa wanda ba mai musu: kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Najeriya take zuwa, kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka datse ta, aka bar mu da zafi da injin janareto har bayan da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Duk wanda ke ajin ya kwana cikin wannan duhun. Mai magana ya tuna musu, sannan ya ce ƙasar da ba ta da kuɗin kanta ba ta da makunnin kanta.

Hujja ta biyu ta adalci ce. Ƙasashen da ke mana wa'azin kare daji sun sare nasu, sun ƙone gawayinsu da mansu, sun yi arziki. Kuma idan aka ce su biya mu mu bar namu a ƙasa, ba sa biya. Misalin ƙasar Ekwado ta Kudancin Amurka na nan: a 2007 shugaba Rafael Correa ya ce zai bar man gandun Yasuni a ƙarƙashin ƙasa idan duniya ta tara masa dala biliyan 3.6. Bayan shekara shida abin da ya shiga hannu bai wuce dala miliyan 13 da ƴan kai ba, ya soke shirin a 2013.

Ta uku, fasaha. Yanzu ana iya kafa injin a wuri ɗaya a karkata haƙar ta ƙarƙashin ƙasa ta yi tafiyar kilomitoci, saboda haka filin da ake tattakewa ya ragu. Su yi hattara da wannan, domin masu adawa na jiran ta.

Mataki na biyar: gina ɓangaren masu cewa a bari

Babban kuskuren wannan ɓangaren shi ne fara magana da dabba. A ɗakin da rabin mutanen cikinsa ke lissafin kuɗin tiyar hatsi, wanda ya tashi yana jimamin adaks ya faɗi tun bai zauna ba. Wani dattijo da muka gayyato ya saurari gwaji ya gaya wa wata ɗaliba: "Ƴata, maganarki da kyau, amma ni ban taɓa ganin dabbar nan ba, jikana kuwa kullum ina ganinsa ba aiki." Ta rasa amsa. Gara ta rasa a gwaji.

Su fara da lissafin mataki na uku, su nuna cewa alkawarin bai haɗu da hanyar da aka ce za a bi ba. Bayan sun karya wannan, sai su kawo asara.

Asarar kuma su faɗe ta yadda take faruwa. Bakin rijiya ba shi ke kashe namun daji ba. Hanya ce. Inda da sai raƙumi da mai ja-gora ke shiga, an shimfiɗa turba, motoci na kai da komo, an kafa sansani, an kawo masu bindiga su yi gadi. Dabbar da ta rayu saboda nisanta da mutane, yanzu mota na cim mata cikin awa biyu. Wannan ita ce amsar hujjar fasaha: ko bakin rijiya ya zama kamar faifai, hanya da bututu da sansani suna nan. Sai ruwa. Haƙar mai na cin ruwa, kuma a sahara ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne rayuwar makiyaya. Idan ya gurɓace babu gulbin da zai wanke shi.

Akwai kuma maganar abin da ake iya gyarawa da wanda ba a iyawa. Mu a Maraɗi mun san daji na dawowa, mun ga yadda sassabe mai barin toho ya mayar da itatuwa gonakin da suka zama fako tun daga shekarun 1980. Mun ga an ɗauko raƙuman dawa takwas daga Kure an kai Gadabeji a 2018, bayan shekaru da ɓacewarsu a wurin. Amma an iya hakan ne don akwai saura a Kure. Man da aka bari a ƙasa yana nan yana jira, ko bayan shekara 50. Irin dabbar da ya ƙare a daji kuwa, sai dai a nemo ƴan uwansa daga gidajen ajiyar namun daji na wasu ƙasashe.

Idan abokan karawa suka kawo Ekwado, a ƙarasa musu labarin: a Agustan 2023 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin 100 na ƴan ƙasar suka ce a dakatar da haƙar a wani yanki na gandun Yasuni. Ba Turawa ne suka jefa ƙuri'ar ba.

Alaska ma ta ba su makami. Bayan duk wannan faɗan, da aka yi gwanjon filayen a Janairun 2021 manyan kamfanoni ba su zo ba, abin da aka taya bai wuce dala miliyan 14 da ƴan kai ba, mafi yawansa ma wata hukumar jihar Alaska ce ta taya. A gwanjo na biyu, Janairun 2025, ko mutum ɗaya bai taya ba. Gwamnatin Trump ta biyu ta sake buɗe ƙofa, amma buɗe ƙofa daban, shigowar mai saye daban.

Dole kuma su zo da madadi. Wanda ya ce kada a bi nan, ya nuna inda za a bi: faɗaɗa tacewa a gida, haƙa a filayen da ke wajen gandu, wutar hasken rana wadda Allah ya hore mana fiye da kima.

Mataki na shida: su wa ke zaune a wurin

A taswira wuraren nan kamar ba kowa. Akwai mutane. A Termit akwai Tubawa da Buzaye da Larabawa da Fulani makiyaya. A Alaska akwai ƙabilar Gwich'in da rayuwarsu ta dogara da garken karibu, suna adawa da haƙar tun 1988, akwai kuma ƴan Inupiat na ƙauyen Kaktovik da ke cikin yankin kansa, waɗanda da yawa daga shugabanninsu ke so a haƙa saboda aiki da kuɗin makaranta da asibiti. Don haka kada wani ya tashi ya ce "mutanen wurin ba sa so" ko "suna so". A tambaye shi: waɗanne?

Dokar man Nijar ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga don ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar. Masu goyon baya za su kafa hujja da wannan. Masu adawa su tambaya ko abin da ke takarda shi ke isa rijiyar makiyayi.

Don abin ya zo kusa da gida, nakan yi musu wani gwaji na ƙaddarawa kawai. In ce: a ɗauka gobe an wayi gari an ce akwai mai ƙarƙashin gandun Gadabeji, hekta 76,000 da aka keɓe tun 1955, nan arewacin Dakoro. Wa za a fara tambaya? Ina garken da ke kiwo a kewayensa zai koma? Yaran da iyayensu ke da dabbobi a can sukan canza murya nan take, har waɗanda ke ɓangaren a haƙa.

Mataki na bakwai: gwajin tambayoyi

Kwana uku kafin ranar, a ajiye jawabai a yi tambaya da amsa zalla. Ƙa'idar ita ce tambaya gajeriya, wadda amsarta lamba ce, ko wuri, ko i ko a'a. "Ba ka ganin cewa ƙasarmu na buƙatar ci gaba?" ba tambaya ba ce, kyautar minti biyu ce ka ba abokin karawarka.

Ga irin waɗanda ke aiki a kan masu goyon baya: Ɗanyen man da za a haƙo, a wace matata za a tace shi? Shekara nawa kafin lita ta farko? Idan an fitar da rabin gandu yau saboda mai, me zai hana a fitar da sauran gobe saboda zinariya?

A kan masu adawa kuwa: Kuɗin da za a rasa, daga ina za ku cike shi? Wa zai biya masu gadin gandun idan baitulmali ba kuɗi? Ku da kanku da me kuka zo nan, da ƙafa?

Ta ƙarshen nan tana sa dariya, kuma tana da amsa, amma sai wanda ya shirya mata.

Wata shawara: a yi gwajin da Hausa ko da muhawarar da Faransanci za a yi ta. Na lura yaro na iya ɓuya bayan kalma mai kauri ta Faransanci ya maimaita ta sau biyar ba tare da ya san abin da yake nufi ba. Ka ce ya faɗa yadda zai gaya wa kakarsa, nan take za ka san ko akwai hatsi a cikin buhun.

Ranar muhawara

Mutum uku-uku sun isa. Na farko minti biyar, ya shimfiɗa matsayi. Na biyu minti biyar, rabinsu na rusa abin da aka faɗa ne. Bayan kowane jawabi, minti biyu na tambayoyi daga ɗaya ɓangaren. Na uku minti uku, ba ya kawo sabuwar hujja, aikinsa ya nuna wa alƙalai wanne daga layuka ukun nan na allo ya tsaya, wanne ya faɗi. A bar layukan a rubuce a allo har a tashi.

Alƙalai su zama uku, kuma kada duka su zama malamai. Mu mun sa malamin lissafi, da wata ma'aikaciyar gandun daji mai ritaya, da wani tsohon direban tankar mai. A ba kowannensu takarda mai gida uku: ingancin hujja, amsa abin da abokin karawa ya faɗa, ladabi da tsare lokaci. Gida na biyu ya fi maki. Duk wanda ya faɗi lamba, alƙali na da ikon tsayar da shi ya ce daga ina, ta wace shekara. Idan ya kasa, a soke lambar, a ci gaba. Mai riƙe lokaci ya zauna inda mai magana ke ganinsa, da waya da ƙaramar ƙararrawa.

A hana tafi a tsakiyar jawabi, in ba haka ba mai babbar murya ne zai ci. A kuma gaya wa kowa tun farko cewa ba a kiran abokin karawa maci amanar ƙasa ko ɗan koren Turawa. A wannan zamanin kalmomin nan na saurin fita, kuma da sun fita muhawara ta ƙare.

A namu zaman masu adawa suka ci da alƙali biyu da ɗaya. Direban tankar ne ya ba masu goyon baya, ya ce shi bai ji an gaya masa inda kuɗin sabuwar matata zai fito ba. Da aka tashi ya kira yarinyar nan mai tambayar farko ya ce: "Ƴata, zo ki sake yi mini lissafin gangar nan a hankali." Ta ɗauko alli suka koma allo, mai gadi na tsaye da makulli a bakin ƙofa.